Kunkurun da Aka Zaci Barci Yake Yi: Nazarin Lamarin Wani Gidan Dabbobi na Yara

Wurin da dabbobin da ke cikinsa

Wurin ƙaramar gona ce da aka mayar gidan dabbobi na yara, irin wanda ake biyan kuɗin shiga, yaro ya shafa akuya, ya miƙa wa zomo ganye, a ɗauke shi hoto. Tana cikin ƙasa mai tsananin hunturu, inda daga Oktoba zuwa Afrilu ba a iya barin dabbar ƙasar zafi ta kwana a waje. An sakaya sunan wurin da na masu shi. Yawancin dabbobin awaki ne da tumaki da zomaye da kaji, kuma duk suna cikin ƙoshin lafiya, domin ma'aikatan sun tashi cikin kiwonsu, da ganin tunkiya sun san halin da take ciki.

A bayan rumfar zomaye akwai wani tsohon ɗakin ajiye kaya mai daɓen siminti, mita 4 a mita 3. Nan aka zuba dabbobi masu jan ciki: kunkuru uku, ƙadangare mai gemu ɗan asalin Ostareliya, da maciji ɗaya mara dafi. Babu ko ɗaya da gonar ta saya. Mutane ne suka saye su suna ƙanana, da abin ya fi ƙarfinsu sai suka kawo su kyauta.

Kunkurayen duka irin babban kunkurun Sahel ne, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Mazauninsa gefen kudu na Sahara, daga Muritaniya da Senegal har Sudan da Habasha. In aka ɗebe manyan kunkurayen tsibiran Galapagos da na Aldabra, babu kunkurun tudu da ya kai shi girma. Namijin da ya manyanta yakan wuce kilo 50, yakan kuma haura shekara 50 a duniya. A daji kiwon ciyawa yake yi safe da yamma, rana ta take ya koma ramin da ya haƙa, mai zurfi da danshi. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji domin kasuwanci, saboda haka waɗanda ake sayarwa a Turai da Amurka a hannun masu kiwo ake ƙyanƙyashe su, kuma ana sayen su ba su wuce tafin hannu ba.

Babban cikin kunkurayen gonar namiji ne mai kilo 14. Sauran biyun ƙanana ne: a awon watan Satumba ɗaya kilo 2.6, ɗaya kilo 2.3. Nazarin ya fi bin wannan na ƙarshe, domin shi ya fara rashin lafiya. Shi da ɗan'uwansa ake fitowa da su daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, ana ɗora wa yara a cinya. Ma'aikata sun fi son su a wannan aiki, saboda kunkuru ba ya kuka, ba ya harbi, ba ya tserewa.

Ƙa'idar da ake bi a lokacin

Gonar tana da lasisi, tana kuma da takardar dubawa ta kullum mai shafi ɗaya: an ba da abinci, an share wuri, akwai rauni ko babu, dabba na tsaye ko na kwance. Takarda ɗaya ce ga akuya da zomo da maciji. Tushenta shi ne 'yanci biyar na dabbobi, waɗanda suka samo asali daga rahoton kwamitin Brambell kan walwalar dabbobin gona na 1965 a Birtaniya, aka tsara su yadda aka san su a yau a 1979: kuɓuta daga yunwa da ƙishirwa, daga takura, daga ciwo da cuta, daga tsoro, sai damar yin abin da dabba ta gada a ɗabi'arta. Kaji da aladu da maruƙan da ake kiwo a rufe su ne suka jawo wannan tunani. Dabbobi ne da jikinsu ke samar wa kansa ɗumi, kuma suna nuna damuwa da murya da motsi.

Dokokin ƙasashe ma bakinsu ba ɗaya ba ne. A Amurka dokar tarayya ta walwalar dabbobi ta 1966 ba ta shafi masu jan ciki ba, sai dai abin da jiha ko ƙaramar hukuma ta gindaya. A Ingila dokar 2006 ta haɗa da su, ƙa'idojin 2018 kuma sun wajabta lasisi ga masu nuna dabbobi ga jama'a. Amma ko a inda doka ta ambace su, wanda aka turo dubawa sau da yawa ya fi sanin karnuka da dawaki. Jami'in da ya duba wannan gona 'yan watanni kafin lamarin ya shiga ɗakin, ya ga tsafta, ya ga abinci a faranti, ya karanta ma'aunin zafin da ke rataye a bango ya ga digiri 26 na Celsius, ya sa hannu ya wuce.

Oktoba zuwa Disamba: alamun farko

A tsakiyar Oktoba aka daina fitar da kunkurayen filin ciyawa. Suka koma zaman ɗaki dare da rana, sai lokacin kai su wurin yara. Zuwa farkon Nuwamba ƙaramin ya rage cin abinci, yakan gatsi latas sau biyu ko uku ya bari. Da safe sai a tarar da shi a kusurwa, kai a ciki, ido a lumshe. Ma'aikata suka ce barcin hunturu yake shirin shiga. Sun ɗauko wannan ne daga kunkurayen yankin Bahar Rum, waɗanda suke yin barcin da gaske, kuma su aka fi sani a ƙasashen sanyi. Kunkurun Sahel ba ya yin sa. Idan ya lafe a cikin sanyi, to sanyin ne ya kama shi.

Akwai abubuwan da kowa ya gani amma ba wanda ya rubuta, domin takardar ba ta da gurbinsu. Kusan duk sa'ad da aka ɗaga ƙananan sama sai su saki fitsari, har an ware tsumma domin wannan. Farin abin da ke fita tare da fitsarin, wanda ya kamata ya zama mai laushi, ya koma mai tsakuwa-tsakuwa. Babban namijin kuma yakan bi su yana tunkuɗa da gaban ƙwaryarsa, har wata safiya aka tarar da ɗaya a rigingine.

A Disamba baƙi suka yi yawa saboda hutun ƙarshen shekara. Ƙaramin ya zama wanda aka fi miƙa wa yara, domin ya daina ko yunƙurin sauka daga cinya. A makon ƙarshe na watan wata 'yar sa-kai ta lura cewa jan ƙafafun baya yake yi maimakon ya ɗaga jiki ya taka, kuma gefen ƙwaryarsa ta baya yana lotsawa in an danna.

Janairu zuwa Maris: gyara uku da ba su yi tasiri ba

An fara da abinci. Abin da suke ci a da latas ne da karas da tuffa da ragowar 'ya'yan itace, ga kuma ƙwayoyin abincin awaki da yara ke zubar musu. A makon farko na Janairu aka janye duk wannan, aka kawo busasshiyar ciyawa da ganyaye masu kauri, ana barbaɗa hodar kalsiyam sau uku a mako. Shawarar daidai take. Cikin wannan kunkuru an yi shi ne domin ciyawa. Zaƙin 'ya'yan itace yana dagula masa hanji, yawan furotin yana ɗora wa ƙoda nauyi, kuma ana so kalsiyam a abincinsa ya ninka fosfaras aƙalla sau biyu. Sai dai ƙaramin bai kalli ciyawar ba. Ƙarshen Janairu nauyinsa ya sauka zuwa kilo 2.1.

A Fabrairu aka sayo fitilar UVB, mai ba da wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, bayan wani baƙo ya yi maganarta. Aka maƙala ta a silin, sama da mita 2 daga ƙasa, aka sa mata murfin gilashi don kada ta fashe a kan dabbobi. Ɗakin ya yi haske, kowa ya ji an yi wani abu. Wata ya cika babu canji a tafiyar kunkurun ko taurin ƙwaryarsa.

A farkon Maris majina ta fara fitowa daga hancinsa tana kumfa, yana buɗe baki yana numfashi. Likitan da ke duba awakin gonar ya zo ya yi masa allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 10. Majinar ta ragu, bayan mako biyu ta dawo, ta kuma bayyana a hancin ɗan'uwansa. Duk tsawon wannan lokaci ana ci gaba da fitar da su wurin yara Asabar da Lahadi, an dai rage sa'o'in zuwa uku. Ƙarshen Maris nauyin ƙaramin kilo 1.9.

Afrilu: awo

Likitan awakin da kansa ya ce a nemi wanda ya ƙware a dabbobi masu jan ciki. Likitar da aka samu ta ɗauki hoton ƙashin kunkurun, ta gwada jininsa, sannan ta ce ba za ta rubuta magani ba sai ta ga ɗakin da yake kwana.

Hoton ya nuna abu biyu. Ƙasusuwan ƙafa da na ƙwarya sun yi sirara, alamar jiki ya daɗe yana yasar kalsiyam daga ƙashi. Sannan akwai tsakuwa mai faɗin kusan santimita 3 a mafitsara.

A ɗakin ta ajiye ƙananan na'urori masu rubuta zafi da danshi dare da rana, a ƙasa, daidai tsayin ƙwaryar kunkuru, aka bar su mako guda. Ma'aunin bango, wanda ke mita ɗaya da rabi daga ƙasa kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ya ci gaba da nuna 26. A kan daɓen kuwa zafin rana bai wuce digiri 18 ba, da asuba yana sauka zuwa 12, domin ana kashe na'urar in an rufe gona. Danshin iska yana tsakanin kashi 25 da 30 cikin 100. Fitilar shan ɗumi guda ɗaya da ke ɗakin tana haska wuri ne da bai wuce faɗin faranti ba, zafinsa a tsakiya digiri 46, kuma babban namijin ya mamaye shi. Na'urar auna hasken UVB ta nuna sifiri a ko'ina a ƙasa. Kwanon ruwa kuwa mai zurfi ne da dogon baki, ƙananan ba sa iya kai kansu ciki, kuma babu wanda ya damu, saboda an ɗauka dabbar hamada daga ganye take samun ruwanta.

Da waɗannan lambobi aka gane abin da ya kashe gyare-gyaren baya. Kunkuru daga waje yake samun ɗumin jikinsa, kuma narka abinci da garkuwar jiki da yadda magani ke aiki a jini duk sun rataya a kan wannan ɗumi. Irin wannan kunkuru yana buƙatar iskar rana mai digiri 27 zuwa 32, da wurin gasa jiki mai 35 zuwa 40 wanda faɗinsa zai rufe dukan ƙwarya, da daren da bai sauka ƙasa da 20 ba, musamman ga ƙanana. A digiri 18 ciki ba ya aiki sosai, don haka ko ya ci ciyawar da wuya ta amfane shi. Hodar kalsiyam ba ta ratsa hanji zuwa jini sai da bitamin D3. Shi kuma a fata ake haɗa shi idan hasken UVB ya taɓa ta, kuma matakin ƙarshe na haɗin sai fatar ta yi ɗumi. Gilashi na yau da kullum yana tare wannan haske, nisa ma yana raunana shi. Allurar Maris ta rage ƙwayoyin cutar, amma jikin da zai ƙarasa su yana kwance a kan siminti mai digiri 12.

Tsakuwar ta fito ne daga wata hanya. Kunkuru a mafitsara yake ajiyar ruwa, jiki na janye shi in buƙata ta taso. Idan ya firgita, kamar sa'ad da ƙafafunsa suka bar ƙasa, yakan zubar da ajiyar gaba ɗaya. Wannan kunkuru yana zubarwa sau da yawa a yini, ba ya samun sha, yana zaune cikin busasshiyar iska, yana kuma cin abincin awaki mai yawan furotin. Gurɓin da ƙoda ke fitarwa sai ya yi kauri ya dunƙule.

Tudu-tudun da ke bayan ƙananan biyu, inda kowane gida na ƙwarya ya tashi ya yi tsini, shi ma likitar ta danganta shi da ɗakin. Binciken da Wiesner da Iben suka wallafa a 2003 daga jami'ar likitancin dabbobi ta Vienna, a kan jariran wannan kunkuru, ya nuna cewa waɗanda suka tashi cikin busasshiyar iska sun fi yin tudun, kuma tasirin danshi ya fi na furotin.

Mayu zuwa Yuni: gyaran mazauni

An fara da ɗumi, tun kafin tiyata, domin kunkuru mai sanyin jiki ba ya jure maganin barci yadda ya kamata. Aka raba ƙananan da babban namijin. Aka shimfiɗa allon da ke tare sanyi a kan daɓen, aka zuba ƙasa mai gauraye da yashi, zurfin santimita 25, yadda za su iya tono. Aka sa na'urar daidaita zafi mai aiki dare da rana, bakin awonta a ƙasa. Fitilar ɗumi ɗaya ta koma uku a jere a kowane ɓangare, suna ba da digiri 36 zuwa 38 a wuri mai faɗi, ɗaya gefen kuma aka bar shi a 27, don kunkuru ya zaɓi inda yake so. Aka sauko da doguwar fitilar UVB zuwa daidai wurin gasa jikin, babu gilashi, aka daidaita tsayinta da na'urar awo har ta ba da lamba 4 zuwa 5 a ma'aunin ƙarfin hasken. Wannan ya faɗa cikin abin da ake ba dabbobi masu shan rana a tsarin da ya kasa masu jan ciki gida huɗu gwargwadon shan ranarsu, wanda Gary Ferguson da abokan aikinsa suka fitar a 2010. Aka rubuta ranar da aka kunna ta a jikinta, domin irin wannan fitila tana daina ba da UVB tun tana ci gaba da haske.

Aka yi musu maɓoya mai duhu da damshin ƙasa, a madadin rami. Aka sa faffaɗan kwanon ruwa mara zurfi da za su iya shiga ciki, ana kuma jiƙa ƙananan cikin ruwan ɗumi na minti 20 kowace safiya.

Kwana 9 da fara ɗumin ƙaramin ya ci ciyawa da kansa. A mako na uku aka cire tsakuwar. Aka sake ba da maganin hanci, wannan karon bayan an gwada majinar an san irin ƙwayar cutar, kuma ba ta dawo ba. Daga ƙarshen Mayu, duk ranar da rana ta fito sosai, ana fitar da su filin ciyawa su yi kiwo. Ƙarshen Yuni nauyinsa kilo 2.2, yana ɗaga jiki ya taka da ƙafa huɗu.

Yuli zuwa Satumba: maganar ɗauka

Nan aka fi jan daga. Mai gonar ya kashe kuɗin gyaran ɗaki ba tare da gardama ba, amma da likitar ta ce a daina ɗaga kunkurayen gaba ɗaya sai ya turje. Hujjarsa ita ce iyaye don yaro ya riƙe dabba suke biya, kuma yaron da ya taɓa riƙe kunkuru ya fi tausaya masa har girmansa.

Aka yi matsakaicin shiri. Ana fito da kowane kunkuru minti 15 kawai a kowace sa'a, ma'aikaci ne ke ɗaga shi da hannu biyu ya ɗora wa yaro yana zaune. An gwada wannan makonni uku a Yuli, ana rubuta abin da ya faru. Sakin fitsarin bai tsaya ba. A ranakun baƙi ƙaramin yakan shige maɓoya da yamma ya ƙi cin abinci har washegari, nauyinsa kuma ya tsaya cik a kilo 2.2. Ƙa'idar minti 15 ɗin ma ba ta riƙu ba in layin yara ya yi tsawo.

Likitar ta zauna da ma'aikata ta yi musu bayanin jikin da suke ɗagawa. Ƙwaryar kunkuru ƙashi ce mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa sun haɗe da ita, akwai jini da jijiyoyi a ciki, yana jin taɓawa da ƙwanƙwasawa. Huhunsa yana sama, daf da ƙwaryar, don haka in yaro ya kifar da shi don ya ga cikinsa kayan ciki ne ke danne huhun. In ya kuɓuce daga cinya ya faɗi a kan dutse, ƙwaryar na iya tsagewa, warkewarta kuma sai an yi watanni. A daji babu abin da ke raba ƙafafunsa da ƙasa sai abin da zai cinye shi. Janye kai da lafewa su ne kariyarsa, kuma su ne ma'aikatan suka daɗe suna kira haƙuri.

Abin da ya sauya ra'ayin mai gonar dai maganar lafiyar yara ce. Dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanji ba tare da sun yi ciwo ba, tana fita da kashi ta hau ƙwarya da ƙafafu. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da kunkurun da ƙwaryarsa ba ta kai inci 4 ba tun 1975, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar kuma tana gargaɗin kada yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya taɓa irin waɗannan dabbobi. A 1996 gomman mutane, yawancinsu yara, sun kamu a wani gidan dabbobi a jihar Colorado inda aka baje kolin manyan ƙadangarun Komodo, kuma ba su taɓa dabbobin ba, yawancinsu shingen katakon da ya kewaye su suka taɓa. A wannan gona yara 'yan shekara biyu da uku ne ake ɗora wa kunkuru yana musu fitsari a tufafi, famfon wanke hannu kuma yana can ƙofar fita.

Daga farkon Agusta aka daina ɗauka. Aka gina fili mai ƙaramar katanga, tsayin santimita 40, kashi ɗaya cikin uku nasa a bayan shinge inda hannu ba ya kaiwa, da maɓoya a ciki. Yara 'yan shekara 5 zuwa sama suna zama a benci a bakin katangar, biyu biyu, ma'aikaci na tsaye. Ana ba yaro ganye ɗaya daga cikin abincin yinin da aka auna. In kunkuru ya zo, yaro ya shafa gefen ƙwarya. In ya juya ya tafi, an gama. Aka kawo famfo da sabulu bakin filin. Wannan ya yi daidai da jagorar da ƙungiyar gidajen dabbobi ta duniya, WAZA, ta fitar a 2020, wadda ta ce a bar wa dabba zaɓin shiga hulɗa da baƙi ko ƙi.

Wata ma'aikaciya ta koya musu bin ƙwallo mai launi da aka ɗaure a sanda, don a riƙa kai su kan sikeli da ƙafarsu. Cikin makonni kaɗan suka gane. Ba abin mamaki ba ne: wani bincike na 2019 a gidajen dabbobi na Vienna da Zurich ya nuna manyan kunkuraye suna koyon irin wannan aiki, wasu har sun tuna shi bayan shekara 9. Yara suka fi son wannan kallo a kan komai.

Ƙadangaren da macijin

An bi su da irin wannan awo. Fitilar UVB ta ƙadangaren ta shekara biyu ba a canza ba, kuma yawan goga hancinsa a jikin gilashi, da ake ɗauka wasa ne, yana cikin alamun takura da aka sani ga masu jan ciki. Aka ƙara masa wuri, aka rufe gefe uku na gilashin. Macijin ya samu maɓoya biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, da gidan da zai iya miƙewa tsawonsa a ciki. Ma'aikaci kaɗai ke riƙe shi, ba a fito da shi sai bayan kwana biyu da cin abinci, ba a kuma taɓa shi lokacin saɓa.

Takardar dubawa ta zama daban ga kowane iri, an gina ta a kan fannoni biyar na walwalar dabba da David Mellor da Reid suka gabatar a 1994: abinci, mazauni, lafiya, ɗabi'a, da halin da dabbar ke ji a ranta. A ta kunkuru ana rubuta zafin ƙasa safe da yamma, zafin wurin gasa jiki, danshi, yanayin fitsari, da ko ya fito wurin yara da kansa. Nauyi duk mako, UVB duk wata.

Bayan shekara guda

Hunturu na biyu ya wuce babu majina, babu lafewa. A Afrilun da ya biyo ƙaramin ya kai kilo 3.1, ɗan'uwansa 3.5. Ƙwaryarsa ta yi tauri, sabon tsiron da ke fitowa a gefunanta sumul yake. Tudun da ya riga ya tashi yana nan, ba zai koma ba, bayan ƙwaryar ma ya ɗan karkace, haka zai rayu da shi. Babban namijin an miƙa shi ga wani wuri mai babban ɗakin hunturu. Yawan baƙi bai ragu ba. Gonar ta daina karɓar dabba mai jan ciki kyauta.

Abin da na gani a lamarin

Ban ga mugunta a wannan gona ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Mutanen suna son dabbobinsu, sun cika takarda kullum, sun sami sa hannun hukuma, sun kashe kuɗi sau uku suna neman magani, duk da haka kunkuru ya kusa mutuwa a hannunsu cikin wata shida. Laifin mizanin ne. An auna dabba mai jan ciki da idon makiyayin awaki, wanda ya saba cewa dabba mai ciwo za ta yi kuka ko ta rame a gani. Kunkuru ba ya kuka, ƙwarya kuma tana ɓoye ramarsa. A nan har ya zama yadda ciwonsa ke ƙaruwa haka ake ƙara yaba haƙurinsa, ana ƙara miƙa shi ga yara.

Saboda haka nake ganin duk ƙa'idar da ba ta da lambobi ba ta da amfani ga waɗannan dabbobi. A ce wuri mai isasshen ɗumi bai wadatar ba. Sai an ce digiri nawa, a wane tsayi, da wane lokaci na dare, ga wane iri. Gyaran abinci da fitila da allura duk daidai suke, sun faɗi ne domin an yi su kafin ɗumi, ga fitilar kuma a nesa bayan gilashi, kuma mako guda na awo a kan daɓe a watan Nuwamba da ya hana duk wannan wahala.

A kan ɗauka kuwa ra'ayina ba shi da tsakiya: bai kamata a ɗaga kunkuru don nishaɗin baƙi ba, ko na minti ɗaya. Gwajin Yuli ya nuna cewa rage lokaci bai rage firgicin ba. Ina kuma jin zafin cewa fitsarin tsoro da ƙin cin abinci da tsakuwa a mafitsara ba su motsa mai gonar ba, sai da aka ambaci ciwon cikin yara. Hujjar lafiyar yara gaskiya ce, amma da a ce kunkuru ba ya ɗauke da salmonela, da har yau ana ɗora shi a cinya.

Akwai kuma abin da ba a warware ba. Kunkurayen nan biyu za su ci gaba da girma shekara da shekaru. Nan da ɗan lokaci kowannensu zai wuce wanda aka sallama, zai buƙaci ɗaki mai ɗumi na rabin shekara da ya ninka wanda suke ciki, da katangar da ba zai tone ko ya ture ba. In duka maza ne, dole a raba su. Wuraren da ke karɓar manyan kunkurayen Sahel a ƙasashen sanyi kaɗan ne, masu neman kai nasu kuma suna da yawa. Lasisin gonar bai tambayi inda za a ajiye su nan gaba ba, kuma har zuwa rubuta wannan nazari mai gonar bai tsai da shawara ba.